Layinmu Bai Cika Sharaɗi Ba

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma saura ƙiris. Baba yana tsakiyar titi da sandarsa, zai tsallaka wurin abokinsa mai gyaran rediyo, sai ga wata farar mota kamar an jefo ta. Ina kan keken ɗinki na hango ta taga, har allura ta soke ni ban ji ba. Tun da aka rufe babban titi don gyara, kowane direba ya mai da layinmu hanyar yanke. Baba kuwa tun da ya yi shanyewar ɓarin jiki, ƙafar hagu sai dai ya ja ta. Da na yi masa magana cewa ya yi, "Titin da na girme shi?"

Alhamis, 6 ga Maris

Mun je ƙaramar hukuma, ni da maƙwabciyata Maman 'Yan Biyu. Muka yini a kan benci. Jami'in hanyoyi mutum ne mai fara'a, har ruwa ya sa aka kawo mana. Ya ce, "Hajiya, mutum nawa aka kaɗe a layin?" Na ce ko ɗaya, Allah ya kiyaye. Ya ce to a nan gizo ke saƙar. Wai ba a yin tudun rage gudu sai a layin da aka ji rauni ko aka rasa rai, kuma 'yan sanda suka shaida. Na ce kullum fa saura ƙiris ake yi. Wai saura ƙiris ba ya shiga lissafi. Yana faɗa yana murmushi kamar mai yi min albishir.

Asabar, 22 ga Maris

Mazan layi sun gaji, sun kwaɓa siminti sun yi tudu da kansu. A karkace yake, amma motoci na rusuna masa. Baba ya tsallaka yau kamar ango, har da tsayawa a tsakiya ya gyara hula. Na yi dariya, rabona da ita an kwana biyu.

Laraba, 2 ga Afrilu

Hukumar da ba ta da motar zuwa duba layinmu, yau ta samu motar kawo masu diga. Sun fasa tudun. Wai ba izini, kuma yana ɓata wa mutane motoci. Maman 'Yan Biyu ta wanke su tas.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na ɓoye sandar Baba a bayan buhunan ƙyallaye. Na ce masa yara ne suka ɗauka. Ya daɗe yana kallona. Ya sani.

Yanzu a ƙofar gida yake yini. Mai rediyo yana ɗaga masa hannu daga can, shi ma ciwon gwiwa ya hana shi tsallakowa. Su yi ta ihu a kan ƙarar motoci, ba mai jin wani.

Talata, 15 ga Afrilu

Baba bai taɓa abincinsa ba. Ya daina kirana Uwata.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na koma ofishin ni kaɗai. Na yi roƙo har na ji kunyar kaina. Jami'in ya rage murya ya ce, "Hajiya, da zarar wani abu ya faru, ki ɗauka a waya ki kawo min da kanki. A ranar zan tura sama." Na yi masa godiya. Godiya fa!

Juma'a, 25 ga Afrilu

Da hantsi na ji ƙarar birki, sai ihu. Na fita ba takalmi. Ƙaramar cikin 'yan biyun ce a ƙasa gaban wata motar kaya, manjan da aka aike ta saye ya malale a kwalta. Na ɗauka jini ne. Uwarta ta sure ta tana lalube ta ko'ina. Ko ƙwarzane babu. Kowa sai alhamdu lillahi.

Sai da Maman 'Yan Biyu ta kalli hannuna na lura wayata na sama, tana ɗauka. Ban san lokacin da na kunna ba. Ban ma matsa na taɓa yarinyar ba, ita da ni na ɗinka mata rigar makarantar da ke jikinta.

Ni ma na ce alhamdu lillahi, amma a ƙarshe. Abin da ya fara zuwar min a rai da na ga ta miƙe, ba zan rubuta shi ba. Don Baba ne, haka nake ta gaya wa kaina.

Baba yana zaune a ƙofa, a kan idonsa aka yi komai. Da na zo wucewa sai ya janye ƙafarsa ya ba ni hanya, kamar yadda yake yi wa baƙi.