Shanun Jauro a Takardar Kamfani

Daren Talata, bayan girbi.

Na gaji ƙwarai. Yau wakilin kamfanin da ke sayen dawarmu ya kawo takardar tambayoyi. Ya ce masu saye daga hannunsu a ƙasar waje sun matsa sai an bayyana iskar ɗumama duniya da kowace gona ke fitarwa. Tambaya ɗaya ta tsaya mini: shanu nawa ne a gonarka?

Ba ni da saniya. Amma kowane rani Jauro yakan sauke garkensa a gonata, su ci kara, su bar mini taki. Na kuma karanta a ƙasidar malaman gona cewa shanu suna fitar da wannan iska.

Da na gaya wa wakilin, dariya ya yi. "Malam, rubuta babu. In adadin iskar gonarka ya hau, sai su daina saye a wurinka. Turawa ne za su zo ƙirga kashin shanu?"

Ba zan sa hannu a kan ƙarya ba, dawa kuma dole ta sayu. Na rubuta babu. Gobe zan aika wa Jauro kada ya zo bana, domin rubutuna ya zama gaskiya. Ban san da wace fuska zan gaishe shi a kasuwar Shanono ba.