Shuɗin Littafin Gidanmu

Roi Et, 3 ga Yuni

Ƙanwata Saifon,

Gaisuwa mai yawa, ke da turminki na dakan ɗanyar gwanda. Ruwa ya sauka, gonakin shinkafa sun cika har gajimare na kwana a cikinsu. Inna ta yi mafarki wata mace ta fito daga tafkin bado ta miƙa mata zobe. Ta yanki tikitin caca, ko sisi ba ta ci ba. Tsofaffi kuwa sun ce haihuwa ce tafe, sai leƙen cikina suke, ni da na yi jika! Ke kuma kin yi shiru.

Yayarki,
Lamduan

Bangkok, 9 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ki da Inna. Zoben nawa ne. Ina da cikin sati takwas. Mai shi ya bi jirgin kamun kifi, lambarsa ta daina shiga. Ba zan iya riƙewa ba, na gama shawara.

Doka ta yarda a cire kafin sati goma sha biyu, katin lafiya na gwamnati ma yana biya. Sai dai katina na asibitin garinmu ne, inda Gwaggo Sombun ke rubuta sunaye. Kafin in zauna, kasuwa ta ji. Ina so in maido shi nan, sun ce in kawo kwafin shuɗin littafin gida mai sunayenmu. Yana ƙarƙashin mutum-mutumin Buddha a ɗakin Inna. Ki ɗauko a ɓoye.

Ina daka, sai in ga titi ya koma kogi, motoci na wucewa ba ƙara. Tsoro nake ji, Yaya.

Taki,
Saifon

Roi Et, 14 ga Yuni

Saifon,

Muna gaishe ki. Inna ta kama ni da littafin a hannu, kin san ban iya ƙarya ba. Da na faɗa mata, sai ta ce, "Akwai wata yayata, Bualoi, ba ku san ta ba. Tsohuwa mai matsa ciki ya zube aka kai mata bayan rumbu. Ni na riƙe ƙafafunta. Ba ta tashi ba."

Ta ƙi ba ni littafin, da kanta za ta kawo miki. Ki tare ta a tashar mota ta Mo Chit ranar Laraba. Ta ce wannan karon hannu za ta riƙe.

Ki huta lafiya,
Lamduan