Rasuwar Farfesarmu da Takardar da Muka Fitar Ba da Saninta Ba

Cikin alhini da faɗuwar gaba, Ƙungiyar Masu Nazarin Alƙaluman Lafiya take sanar da membobinta, da shugabannin asibitoci, da sauran jama'a, cewa labari ya iso mata na rasuwar uwar ƙungiya kuma shugabar sashen tantancewa, mai girma Hajiya Farfesa, wadda duk wanda ya taɓa zama a ɗakin aikinmu ya fi sani da Malama Wa-Ya-Fara. Allah Ya yi mata cikawa ranar Talata da hantsi, bayan jinyar mako biyar. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Shekara goma sha tara marigayiya ta yi a kan aiki guda. Asibitoci kan aiko mana da bayanan marasa lafiya dubbai, mu zuba wa kwamfuta, ita kuma ta zana taswira: ga hawan jini, ga shekarun mace, ga maganin da aka ba ta, ga abin da ya biyo baya, da kibiyoyi a tsakani masu nuna mene ne ya jawo mene. Kwamfuta ba ta gajiya da zane, ba ta kuma jin kunyar kuskure, don haka Farfesa ba ta taɓa yarda da ita ba sai ta gwada. Takan ƙirƙiro bayanan gwaji waɗanda ta riga ta san gaskiyarsu, ta miƙa wa kwamfutar, sannan ta zauna ta ƙirga kibiya nawa ta manta, nawa ta ƙaro daga kanta, nawa ta juya baya. Takan kuma sa mu sake ɗiban bayanan har sau ɗari, mu ga wace kibiya ce ke dawowa kullum.

Ko bayan wannan ba ta sa hannu. Sai ta saɓa jakarta ta tafi asibitin da ƙafarta, ta zauna a benci, ta tambayi ungozoma: "Ke da kika gani da idonki, wa ya fara zuwa?" Daga nan sunan ya manne mata. Mun sha tsokanarta cewa ko shayi aka kawo mata sai ta bincika ko ruwa ne ya riga sukari shiga kofi. Takan harare mu ta saman tabarau ta ce mu yi ta dariya, ai ba mu ne a kan gadon ba.

Ba a saba haɗa ta'aziyya da tona asirin kai ba, amma kwamitin zartarwa ya zauna jiya ya yanke cewa dole a faɗa, kuma ni mai rubuta wannan hannuna yana ciki dumu-dumu. Aikin Farfesa na ƙarshe a kan bayanan ɗakunan haihuwa huɗu ne. Taswirar da ta fito ta nuna kibiya daga allurar da ake yi wa masu ciki masu hawan jini zuwa jijjiga, wato kamar allurar ce ke jawo jijjigar. Mun gwada sau ɗari, kibiyar ta dawo sau casa'in da bakwai. Farfesa ta ja mana kunne cewa kada takardar ta fita sai ta dawo daga zagayen asibitocin, ta je ɗaya ta yi kwana uku tana zuwa tana zama, a rana ta huɗu ciwo ya kwantar da ita. Da asibitocin suka matsa mana da waya, sai muka ce ai casa'in da bakwai ba wasa ba ne, muka aika musu da daftarin, yau mako biyu ke nan. Ni na tura shi, kuma na bar sunanta a ƙasan shafin.

Shekaranjiya mai gidanta, Alhaji, ya kawo mana littafin da take rubutu a ciki, ya ce ta yi ta nanata masa cewa a ba mu, shi kuma ganin halin da take ciki ya ɗauka maganar za ta iya jira. Da muka buɗe shafin ƙarshe, sai muka tarar da bayanin ziyararta. Abin da ta gani a bencin nan shi ne, idan mace ta fara jijjiga, ungozoma ba ta tsayawa neman biro. Allura take fara yi, ta rubuta lokacinta nan take saboda ƙa'idar magani, sai komai ya lafa sannan ta koma ta rubuta jijjigar da lokacin da ta zauna rubutun. A takarda allura ta riga jijjiga da minti ashirin ko talatin, a kan gado kuwa jijjiga ce ta fara zuwa. Kuskuren yana cikin kowane layi na bayanan, shi ya sa ko sau dubu muka ɗiba zai dawo. Kibiyar a juye take.

Saboda haka ƙungiya tana janye wannan daftari gaba ɗaya, tana kuma roƙon kowane likita, da ungozoma, da ma'aikacin jinya, da kada ya hana mace allurar nan saboda takardarmu. Asibitoci uku sun amsa cewa sun cire ta daga allon sanarwa. Na huɗu har yanzu ba mu sami wanda ya ɗaga waya ba, mun tura mutum biyu da safen nan. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne wani ya ɗauki hoton shafin, ya yanke saman da aka rubuta cewa daftari ne, yanzu yana yawo a wayoyin mutane. Ba mu san hannu nawa ya shiga ba. Tsoro muke ji, kuma ba za mu ɓoye ba.

A madadin shugaban ƙungiya, da kwamitin amintattu, da ɗaukacin ma'aikata, muna miƙa ta'aziyya ga Alhaji, da 'ya'yanta uku, da ƙannenta, da ɗalibanta. Allah Ya jiƙanta, Ya yafe mata, Ya haskaka makwancinta, Ya ba iyalinta juriyar wannan babban rashi. Muna kuma neman gafararsu kan sunanta da muka sa a abin da ba ta amince da shi ba.

Magana ta ƙarshe ga babbar 'yarta ce. Da na je gaisuwa na same ta zaune a tsakar gida, ciki wata takwas, ƙafafu a kumbure. Ta nuna mini hoton nan a wayarta ta ce, "Kawu, gara da Mama ta gano kafin ta tafi. Ni ma an ce jinina ya hau, amma na faɗa musu ko kusa da ni kada a zo da allurar nan." A lokacin ban ga littafin ba, na yi mata ta'aziyya na fito ban gyara mata zancen ba. Jiya na kira ta sau shida wayar a kashe, aka ce ta koma gidan mijinta. 'Yata, idan wannan saƙo ya riske ki, ko ya riski wanda ke kusa da ke, ki sani mahaifiyarki ba ta faɗi haka ba. Mu muka faɗa, kuma mun yi kuskure. Don girman Allah, idan likita ya ce a yi miki allurar, ki miƙa hannu.

Sa hannu:
Kawu Dogo,
Kakakin ƙungiya, kuma mataimakin marigayiya a sashen tantancewa.