Sunan Inna a Hannun Maƙwabciya

Talata, bayan isha'i

Alhamdu lillahi, takardar ta dawo hannuna.

Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Ranar Asabar Linda maƙwabciyata ta ce in rubuta mata sunan Inna da shekarar rasuwarta, za ta kai cocinsu. Na ɗauka addu'a ce kawai, na rubuta. Sai da ta ninke takardar ta ce wata za a tsoma a ruwa a madadin Inna, wai baftismar matattu. Innar da ta cika da carbi a hannu! Kunya ta hana ni karɓe takardar.

Yau a gidan tsofaffin da muke aiki na ja abokiyar aikina Rifkatu gefe, tunda 'yar fasto ce. Na ce, "Don Allah, abin nan yana cikin Littafinku?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Hajiya, aya ɗaya ce tak! Bulus ya ce wasu suna yi, bai ce a yi ba. Mu a cocinmu ba a taɓa yi wa ko kakana ba. Je ki karɓo takardarki."

Da na dawo na soya ƙosai, na ƙwanƙwasa ƙofar Linda, na roƙe ta ta ba ni takardar. Ashe ba ta kai ba, wai sai na sa hannu tukuna. Ta miƙo mini, ta ce ta tuna da tata uwar da ta rasu ne, shi ya sa. Muka tsaya bakin ƙofa muna share hawaye, tana cin ƙosai da zafinsa.

Na ce mata mu haka muke yi wa namu, wannan sadakar Inna ce. Ta ƙara ɗaukar biyu.