Suna Uku a Cikin Jirgin Ejnar

Sildevig, 9 ga Maris, 1987

Valdemar,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da ƙafar nan taka da na ji an ce tana damunka. Ni ce Thyra, matar yayanka, idan kusan shekara goma sha tara ba ta mantar da kai rubutuna ba.

Na san rasuwar Ejnar ta iske ka, tunda furenka ya iso. Ba gori nake maka ba. An binne shi ranar Juma'a, aka sha gahawa a ɗakin taron coci, kowa ya watse. Mutane suna ta riƙe mini hannu suna jiran in yi kuka, ni kuwa ina kallon maɓallin rigar Fasto da ke shirin tsinkewa. Har yau kukan bai zo ba. Ina tashi, in ci burodi a tsaye, in wanke faranti ɗaya. Ba na jin baƙin ciki, ba na jin komai, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce ina ji ba.

Ga dalilin wasiƙar. Ka tuna jirgin yaƙin sarki mai igwa arba'in, wanda kakan kakanku ya yi aiki a cikinsa, da ku biyu kuka ce wata rana za ku sassaƙa ƙaraminsa a rataye a coci? To, Ejnar ya sassaƙa. Tsawonsa ya kai teburin cin abinci. Gangar jikin ta kammala, kowace igwa ta leƙo ta tagarta, jiguna uku, dogayen itatuwan da ke ɗaukar filafilan kama iska, suna tsaye. Igiya ce babu ko ɗaya. Shekara shida ke nan jirgin na tsaye tsirara, kullum Ejnar ya share masa ƙura ya ja ƙofa. In na yi magana sai ya ce shi kafinta ne, igiya ba aikinsa ba ce. Ni da kai mun san aikin wa ce.

Ya yi wa coci alkawarin za a rataye shi ranar bikin Fentikos na bana, a watan Yuni, don tunawa da ɗanmu Asger. Har an kafa ƙugiya a rufi. Tsoho Kresten maƙwabcinmu ya ce zai gwada, amma mutumin da ko gahawa ya ɗauka sai ya zubar da rabi, ina shi ina zare? Ka kuma san al'ada: matuƙa huɗu ke ɗaukar jirgi a kafaɗa su shiga da shi coci, ɗayansu dole ɗan gidan ne. Namiji a gidan nan kai kaɗai ka rage.

Ka zo, Valdemar. Abin da nake nema ke nan.

Ka huta lafiya,
Thyra


Esbjerg, 15 ga Maris

Matar yayana,

Ina gaishe ki da kyau, ina kuma yi miki ta'aziyya. Allah Ya ba ki haƙuri. Ƙafa tana nan yadda aka faɗa miki. Gidan tsofaffin matuƙa ba laifi, ana ba mu kifi sau uku a mako.

Ba zan zo ba. Gara in faɗa tun a farkon takarda. Ni na fitar da jirgin kamun kifi ranar nan bayan Ejnar ya ce iska ba ta yi ba, kar a fita. Na dawo da kifi, ban dawo da ɗanki ba. A bakin gaɓa, a gaban kowa, Ejnar ya ce kar in sake taka tsibirinmu na Sildevig. Shi kaɗai ke da ikon janye maganar, kuma bai janye ba.

Amma jirgin ba zai shiga coci tsirara ba. Macen da ta yi shekara talatin tana ɗinke komar masunta, tana zagin duk wanda ya taka mata zare, ba za ta kasa wannan ba. Zan koya miki ta takarda.

Ki nemi zaren lilin, kauri uku. Igiyoyin da ke riƙe jigo baƙaƙe ne, domin a jirgin gaske kwalta ake shafa musu. Waɗanda ke jan filafilai ki jiƙa su a shayi mai kauri su yi ruwan ƙasa. Kowane zare ki ja shi sau biyu a kan kakin zuma kafin ki ɗaura, in ba haka ba zai yi gashi ya kwashi ƙura. Ki fara da jigon gaba. Igiya biyu a dama, sannan biyu a hagu, sannan dama, haka har su cika. Kar ki gama gefe ɗaya tukuna don ki huta, jigon zai karkace, kuma duk matuƙin da ya ɗaga kai a coci zai gani. Bayan nan sai tsanin da ake hawa sama, shi ƙananan zare ne da ake gittawa a kan igiyoyin. Na zana miki ƙullin a bayan takardar.

Kresten zai iya ɗaukar wurina.

Naki da girmamawa,
Valdemar


Sildevig, 6 ga Afrilu

Valdemar,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta iso, na karanta inda ka ce ba za ka zo ba, na ajiye, na tafi sayen kakin zuma.

Shayi uku na ɓata kafin launin ya fito. Na yi yadda ka ce, dama, hagu, dama, kuma jigunan suna nan a miƙe. Aikin ya zo mini daidai. In na zauna da safe na sa tabarau, sai in ɗago in ga rana ta koma tagar yamma, ban tuna kowa ba. Fasto ta kawo mini miya ta ce ta ji daɗi da na sami abin da ke sanyaya mini zuciya. Na ce mata na gode. Zuciyar da ba ta yi zafi ba, me za a sanyaya?

Sai tsani. Kwana goma sha ɗaya ina ƙulli, ɗari shida da wani abu a jigon gaba da na tsakiya. Shekaranjiya Kresten ya shigo da sandarsa, ya zagaya jirgin, ya tsaya ya ƙura ido, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Thyra, wannan jirgin yaƙi ne ko amarya? Dubi ƙugu!"

Na ce, "Tsohon banza, in ka iya zo ka yi."

Ya ce, "Ni dai na hau na gaske ina ɗan shekara sha biyar, kuma ba haka yake ba. Wannan ko kyanwa ta hau sai ta faɗo."

Da ya tafi na duba. Gaskiyarsa ce, Allah wadai. Igiyoyin sun matse a tsakiya sun buɗe a ƙasa. Ƙullinka na bi, ban canza komai ba. Ka faɗa mini inda na kauce.

Maganar wurinka kuwa, Kresten yana da nasa wurin, gaba ta dama. Holger da Mogens, matuƙan garin nan, sun karɓi biyu. Baya ta hagu na nan ba kowa. Fasto ta tambaye ni wa za ta rubuta, na ce ta bar layin haka.

Ka gaida ƙafa,
Thyra


Esbjerg, 11 ga Afrilu

Matar yayana,

Gaisuwa mai yawa. Na yi dariya, abin da na daɗe ban yi ba, har na kusa da ni ya leƙo ya ga ko lafiya.

Ƙullin daidai ne, hannun ne na mai koma. Kin saba ja da ƙarfi don kar kifi ya zurare. Tsani ba a jansa. Kowane mataki ki bar shi ya ɗan saki, kamar yanzu mutum ya ɗauke ƙafa daga kansa. Ki ja layuka a kan kwali ki sa a bayan igiyoyin, ki bi layin. Ki ɗaura na farko, ki tsallake huɗu, ki ɗaura na shida, sai daga baya ki cike tsakani.

Waɗanda kika yi duka ki yanke. Na san kwana sha ɗaya ne. Babu wata hanya.

Asger ma haka yake ja, sai na riƙa buge masa hannu. A wurinki ya gado.

Ki ce wa Fasto ta cike layin nan.

Naki,
Valdemar


Sildevig, 10 ga Mayu

Valdemar,

Bayan gaisuwa, ka yi haƙuri da shirun. Na yanke su duka da ƙaramin almakashi, na share zaren na zuba a murhu, ban ji ko ɗar ba. Na sake daga farko. Yanzu Kresten ya ce zai iya hawa, na ce ya bari sai ya ga likita. Sandunan filafilai sun hau, saura igiyoyin ja.

Akwai abin da na yi mako guda ina juya ko in faɗa maka.

Ranar Litinin allurata ta suɓuce ta faɗa cikin jirgin, ta ramukan murfin da ke tsakiyar daɓen jirgin. Na kawo matsefata zan zaro ta, sai murfin ya biyo hannuna. Ba a liƙe yake ba. A ciki na ga takarda a naɗe, an ɗaure ta da jan zare. Ka san takardar da ake sawa a cikin kowane jirgin coci, mai ɗauke da sunan wanda ya sassaƙa da sunayen waɗanda teku ta ci a gidan, a liƙe murfi da gam, ba mai sake gani sai bayan shekara ɗari in an sauko da jirgin wanki. Ban san ya riga ya rubuta ba. Na kwance na karanta.

Rubutun Ejnar ne, da alƙalamin nan da yake ji da shi. Ƙarƙashin "Waɗanda teku ta ɗauke" akwai suna uku. Mahaifinku, da shekararsa. Asger, 23 ga Oktoba, 1968. Sai kai, Valdemar, 23 ga Oktoba, 1968.

Bai ƙara ko kalma ba. Na zauna da takardar a cinya har gahawata ta huce. Na yi shekara arba'in da huɗu da mutumin nan, amma ban san ko da fushi ya rubuta ba, cewa ka mutu a wurinsa, ko kuwa da tausayi, cewa ranar nan mutum biyu ya rasa. Na nemi in ji haushinsa, haushin ma bai zo ba. Na tashi na ci gaba da ɗaura zare.

Fasto ta ce dole a liƙe murfin kafin ranar. Sunanka ne, shi ya sa nake tambayarka.

Thyra


Esbjerg, 16 ga Mayu

Thyra,

Ina gaishe ki. Ki mayar da takardar yadda kika same ta, ki liƙe.

Yaya bai yi ƙarya ba. Tun daga ranar ban sake hawa ruwa ba. Na yi dako a tashar jirage, na yi gadi, yanzu ina zaune bakin taga ina kallon jiragen wasu. Ina ci, ina barci, ana aske ni ranar Asabar. In haka ne ya gani ya rubuta, ya gani daidai. In kuma fushi ne, na cancanta. Ko ta ina, wurin da ya ajiye ni kusa da Asger ya fi wanda nake da shi a nan.

Saura abu ɗaya a aikin. Tutar sarki a baya take, a kan sandar da ta karkata. Ita ce ta ƙarshe, kuma ba a ɗaura ta sai jirgi ya gama shiri. Zarenta shi ne mafi siriri. A coci a juya goshin jirgin ya fuskanci bagade, can gaba inda Fasto ke tsayawa, kar ki bari Holger ya rataye shi yana kallon ƙofa.

Kin yi aiki mai kyau. Ban gani ba, amma na sani.

Allah Ya kiyaye ki,
Valdemar


Sildevig, 1 ga Yuni

Valdemar,

Gaisuwa. Ka girgiza ambulan a hankali, akwai ɗan yankin takarda a ciki. Sunanka ne. Na yanke shi da almakashin da na yanke tsani, na mayar da sauran biyun, na liƙe murfin da kaina.

Ejnar mutum ne da ko marfin kwalbar zuma sai ya ɗaure shi har in kasa buɗewa. Wannan murfin ya bar shi shekara shida ba gam. Ban san abin da yake jira ba, amma ni ba zan rataye mai rai a rufin coci ba. Da almakashin ya ratsa takardar sai na tsinci kaina zaune a ƙasa cikin ƙurar katako ina kuka, har Kresten ya jiyo daga gidansa. Na yi kewar mijina, Valdemar, na yi kewar ɗana, kuma na gaji da binne mutane.

Jirgin ya gama shiri, sai tuta. Ban ɗaura ba kuma ba zan ɗaura ba. Tana kan tebur da zarenta, na riga na ja shi a kaki sau biyu. Kresten ya ce jirgin sarki ba ya shiga coci ba tuta, ko da kuwa za a fasa bikin.

Jirgin fito na isowa ranar Asabar ƙarfe sha ɗaya. Ka taho da tabarau ɗinka.

Thyra