Kwalayen Shagon Baba

Gembu, Jihar Taraba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna da Yaya Nana da duk mutanen Fagge. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau. Sanyin nan sai a hankali, ɗakina ma yana ɗan yoyo, amma na matsar da katifa, kada Inna ta damu.

An ba ni 'yan aji ɗaya a ƙauyen da nake bautar ƙasa. Su talatin da huɗu ne, littafin karatu biyu, ɗaya ma ba bango. Kullum sai na tuna yadda kake goya ni a babur zuwa Sabon Gari, kana rage gudu a Titin Ibrahim Taiwo kana cewa, "Ikhlas, karanta mini allon shagon can." Nan ko allon shago ɗaya babu.

Don Allah ka tara mini kwalayen shayi da na sabulu na shagonka, masu manyan haruffa, ka ba direban motar Jalingo. Akwai wata yarinya, Jamila, mahaifinta ya ce in ba ta fara karatu kafin hutu ba, zai mayar da ita gona.

Sannan ka gaya mini, Baba, yaya aka yi ba ka taɓa yi mini tsawa ba in na kasa? Jiya na ɗaga wa Jamila murya, ba ta sake buɗe baki ba har aka tashi.

Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka,
Ikhlas