Haruffana a Wasiƙar Mai Hoto

Zuwa ga hasken idona, sanyin ruwan randa da tsakar rana, inuwar da nake nema in rana ta take, mai gyara idon jama'a ta bar nawa a rikice, Mai Tabarau tawa.

Ina fata kin tashi lafiya. Ni kam ban tashi lafiya ba. Tun jiya da kika ajiye mini wasiƙar mai hoton nan na saman bene a kan teburina, kika ce, "Malam Shiru, duba mini, kamar haruffanka ne," raina yake tafasa. Nawa ne mana! Bara mai hoton ya zo yana lallaɓa ni in sa masa su a kwamfutarsa don ya buga sunan shagonsa, na ba shi saboda maƙwabtaka. Ashe makami na miƙa masa. Shafi huɗu cur ya buga miki na soyayya, da haruffan da na zana da hannuna, saboda ke!

Kin tuna asalinsu? Ranar da kika kama ɗan shagon nan tsakanin mai aski da kantin magani, allon da ke samansa bai wuce faɗin ƙofa ba. Kika kafe sai an rubuta "Gwajin Ido da Tabarau" gaba ɗaya, ba za a rage ko harafi ba. Kwana tara ina matse su ina jan su sama, har suka zama dogaye sirara, kafaɗa da kafaɗa. Na karkatar da kan "r" yadda kike karkatar da naki in tsohuwa tana ba ki labarin idonta. Ɗigon "i" na mai da shi zobe, gilashin tabarau ke nan. Da na ɗaga allon, kika yi dariya har kika dafa bango, kika ce, "Waɗannan yunwa suke ji ne?" Wallahi dariyar nan tana kunnena har yau.

Yanzu suna ko'ina, a fastar wasan ƙwallo, a jikin kwalbar lemo, a kanun jarida. Duk mai hankali da ya karɓe su ya san ƙa'idarsu: manya ake yin su, kalma kaɗan, a hango daga nesa. Sai wannan gwanin naki! Ya ƙanƙance su, ya cusa layi a kan layi, shafi ya koma kamar haƙoran mataji. Ina idonsa yake? Mutumin da ke cin abinci da ido, a ce bai ga wannan ɓarnar ba? Ko dabara ce, yana so ki gwada wa kanki tabarau kafin ki kai shafi na biyu?

Abin da ya rubuta kuwa, tir! Ya kira ki wata, ya kira ki tauraruwa har sau bakwai, na ƙirga. A shafi na uku abin kira ya ƙare masa, sai ya koma ba ki labarin sabuwar kyamararsa. Mutumin da turarensa ke riga shi saukowa daga bene, wanda ba ya wuce gilashin shagonki sai ya tsaya ya gyara gashin baki, shi ne zai san darajarki? Ko zoben da ke kan "i" bai lura da shi ba. Tsammani yake ado ne.

Amma ya rabin raina, ga abin da ya hana ni sukuni. Kin karanta ta har ƙarshe. Na ga inda kika ja layi da biro a shafi na huɗu, na kuma ji da kunnena kin ce ranar Asabar za ki ba shi amsa. Shi wawa ne, amma wawan da ya buɗe baki. Ni fa? Shekara biyu ina kawo miki allon da bai lalace ba wai zan gyara, ina shan shayinki ina zancen fenti. Na ɓoye ki a cikin haruffa, ina jira ki gane da kanki. In raini ne, ni na fi cancanta da shi, kuma na raina kaina sosai.

Saboda haka na roƙi mai kantin da ke kallon shagonki, ya ba ni bangonsa. Gobe da safe in kin buɗe ƙofa, ki duba tsallaken titi. Zan nuna wa mai hoto yadda ake aiki da haruffan nan, kowanne tsawon mutum, kalma uku kacal, waɗanda ya cika shafi huɗu bai yi ƙarfin halin faɗa ba: Ki aure ni.

Ke ce mai gwajin ido. Ki tsaya a bakin ƙofarki, ki rufe ido ɗaya yadda kike sa mutane, ki duba. Zan tsaya a gindin tsani da burushi a hannu. In kin gani, ɗaga mini hannu kawai. In kuma kin ce ba ki gani ba, zan goge in ƙara musu girma, har bango ya ƙare.

Naki yau, naki gobe, naki bayan fenti ya koɗe,
Malam Shiru, wanda ya daina shiru.